Ƙyalle Na Ashirin

Gusau,
22 ga Agusta, 2021

Zuwa ga Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da zafin Jizan ɗin nan ta Saudiyya da ake ba mu labari. Mu nan sai godiya. Damina ta zauna, gero ya fitar da kai a inda aka samu shiga gona. Inna tana gaishe ka, ƙafar ce dai har yanzu. Na haɗu da matarka Husna a sunan gidan ɗan'uwanmu Lukuman, ta ce duk Juma'a kana kira. Ni da kakana da kakarka suka fito ciki ɗaya, ko a Sallah ban ji muryarka ba. Ba komai, dama ku 'ya'yan mace sai uwargijiyarku ta bi ku.

A takarda na rubuta na ɗauki hoto, don na san ba ka sauraron saƙon murya.

An ba ni shugabancin nas-nas na ɗakin tiyata, a asibitin nan da ka bari shekara bakwai da suka wuce. Sabon shugaban asibiti yana so a gyara yadda muke aiki, a daina rufe kuskure sai ya yi wari. Ya ce in tsara abin da za a riƙa yi kafin a sa wuƙa da kafin a ɗinke. Na karanta takardu har kaina ya yi ciwo, amma na fi son in ji daga wanda ke yi kullum. Yaya kuke yi a can?

Sai magana ta biyu. Ka tuna Tambaya, nas ɗin nan 'yar Tsafe da aka kora? Ita aka ɗora wa laifin ƙyallen tsane jini da aka manta a cikin Saude, wata mata 'yar Magami da aka yi wa fiɗa aka ciro mata ɗa. Surukinka Dokta Yahaya ne ya yi aikin. Yanzu wani ƙaramin asibiti a Tsafe yana son ɗaukarta, amma kalmar sakaci da ke fayil ɗinta ta tare hanya. Ta roƙi a sake duba maganar, kwamiti zai zauna sha takwas ga Nuwamba.

Na ɗauko fayil ɗin Saude. A takardar ƙirgar kayan aiki, Tambaya ta sa hannu a layin mai rubutu. Layin mai miƙa wa likita kayan aiki kuwa babu hannun kowa, jadawalin aikin watan kuma ya ɓace. Ka zauna ka yi tunani da kyau, ka gaya mini wanda ya tsaya gefen Likita ran nan. Na fi son in ji daga bakinka kafin in tambayi wani.

Taka,
Habiba

*

Jizan,
1 ga Satumba, 2021

Habiba,

Wa alaikumus salam. Na gode da gaisuwa, a gaishe mini da Inna, Allah ya ba ta sauƙi. Ni ina nan, baya na ciwo, jini na hawa, an hana ni gishiri. Ina taya ki murnar girma. Allah ya sa kujerar ba ta ci ki yadda ta ci waɗanda suka riga ki ba.

Kin tambayi yadda muke yi. Ba wani abin mamaki ba ne. Kafin wuƙa ta taɓa fata, kowa ya tsaya cik. Kowa ya faɗi sunansa da aikinsa da ƙarfi, tun daga babban likita har mai tura gado. A faɗi sunan marar lafiya, a faɗi aikin da za a yi masa da ɓangaren da za a yanka. Ƙyalle da allura da almakashi mutum biyu ke ƙirgawa da baki, a rubuta a allon da ke bango inda kowa ke gani. In lissafi bai cika ba, ba a ɗinkewa, ko wa ke riƙe da allurar. A kawo na'urar hoto har ɗakin a duba cikin.

A watana na farko na ga wata nas 'yar Filifin, tsayinta bai kai kafaɗata ba, ta tsayar da wani babban likita ɗan Masar saboda ƙyalle ɗaya. Ya harɗe hannu ya tsaya minti arba'in, har aka gano ƙyallen manne a ƙasan takalmin wani. Bayan an gama ya ce mata ya gode. Ranar ban iya cin abinci ba.

Kada ki ɗauka sun fi mu tsoron Allah. Akwai masu girman kai a nan da za su ba namu kunya. An dai rubuta musu cewa ƙarami yana da ikon tsayar da babba, kuma in ya tsayar ba a mayar da shi ɗakin wankin kaya washegari. Ku kuwa za ku buga takarda mai kyau ku manna a bango, ranar da janareta ya mutu a manta da ita. Ki fara da samo allo da alli, ki bar dogon taro.

Sai maganarki ta biyu, wadda na lura ita ce ainihin wasiƙar, ta farkon rakiya ce. Baba Likita ya yi shekara talatin yana fiɗa a garin nan, wani lokaci da tocila a hannun nas. Matan da ya ceto ba su ƙirguwa. Yanzu ya tsufa, ido ya tafi, yana zaune a Bungudu, sai ku tono fayil. Ina kwamitin yake lokacin da muke wanke safar hannu muna shanyawa don a sake sawa?

Kin ce in yi tunani da kyau. Kin ce kin fi son ki ji daga bakina kafin ki tambayi wani. Na yi shekara ashirin a asibiti, na san yadda ake rubuta takardar tuhuma da lafazin zumunci. In kina da abin faɗa, ki faɗe shi kai tsaye. Shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Ban tuna ba.

Sahabi

*

Jizan,
24 ga Satumba, 2021

Habiba,

Sallama da fatan alheri. Ban san halin da kuke ciki ba, Allah ya sa lafiya. Na san an datse layin waya a duk jihar tun uku ga wata, Juma'a huɗu ke nan ban ji muryar yara ba. Amma alama ta nuna kin buɗe wasiƙata kafin a datse, ba ki ce komai ba. Jiya kuma Lukuman ya je har Kano don ya samu layi, ya kira ni. Cikin hira ya ce ya gan ki a tasha kina shiga motar Tsafe.

To, kin je wurin Tambaya, ta gaya miki. Wannan takarda za ta zauna a waya har ranar da aka buɗe muku layi. Gara ta zauna a can da ta ci gaba da zama a ƙirjina.

Ni ne na tsaya gefen Likita. Na yi miki ƙarya da na ce ban tuna ba.

Kin san yadda nake da shi. Tun da aka ɗaura aurena da 'yarsa ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. In na hango shi a barandar asibiti sai in sake hanya, in babu hanya in durƙusa. Masu rubuta jadawali sun sani, shekara shida ba su taɓa haɗa mu a ɗaki ɗaya ba. Har tsokanata ake yi, wai Sahabi ya fi tsoron tarin Likita a kan jinin da ya ɓalle. Ni kuma ina jin daɗin ana cewa ina da kunya.

Ranar washegarin Babbar Sallah ce, rabin ma'aikata sun tafi gida. Da hantsi aka kawo Saude a bayan a-kori-kura, kwana biyu tana naƙuda. Babu wani mai miƙa kaya sai ni, babu wani likita sai shi. Na wanke hannu na shiga, kaina a ƙasa. Tambaya ce ke kai-komo tana rubutu, watanta takwas da fara aiki.

An ciro yaro da rai. Jini ya yi yawa, Likita ya yi ta cusa ƙyalle har ya tsaya. Da ya zo rufewa na ƙirga. Ashirin muka buɗe, sha tara na samu. Na sake, sha tara. Habiba, bakina yana nan cikin takunkumi, na buɗe shi, amma in ce wa wannan mutum ya dakata, a gaban mutane, da muryata, ya gagare ni. Sai na yi abin da na saba yi a gida in ina da magana da shi: na nemi ɗan aike. Na karkata na raɗa wa Tambaya ta gaya masa.

Ta gaya masa. Ya ce a duba bokiti. Ya miƙo hannu yana neman allurar ɗinki, ni kuwa na sa masa ita a hannu.

Ba wannan ne mafi muni ba. Bayan an fitar da matar, na ga wani ƙyalle a ƙarƙashin gado. Busasshe ne, jininsa ya yi baƙi, na aikin safe ne da mai shara ya tsallake. Na sani sarai. Na ɗaga shi na ce wa Tambaya ga na ashirin ɗin, ta rubuta ya cika. Ta dube ni, ta rubuta, ta sa hannu, don ni ne babba. Da ta miƙo mini takardar na ce hannuna da jini, zan sa daga baya. Ban sa ba. Ba mantuwa ba ce.

Na gaya wa kaina wataƙila nawa lissafin ne ya kuskure. Bayan sati uku aka dawo da Saude, ciki ya kumbura, jiki kamar wuta. Wani likita ya buɗe ya samu ƙyallen, ya cire mahaifar gaba ɗaya. Shekararta sha tara, haihuwarta ta fari. Ranar da kwamiti ya kira Tambaya ina Kano wurin takardun tafiya. An ce tambaya ɗaya aka yi mata, ko hannunta ne a takardar. Ta ce nata ne. Ta fara ƙarin bayani aka ce ta amsa abin da aka tambaye ta kawai.

Mutane suna cewa neman abinci ya kawo ni nan. Da shi, amma ba shi kaɗai ba. Kullum da safe nakan tsaya in faɗi sunana da aikina a gaban baƙi, ana yaba mini cewa ba a taɓa samun lissafina da gyara ba. Ba wanda ya san dalilin da ya sa nake ƙirgawa sau uku.

Ki yi abin da aikinki ya ce. Abu ɗaya nake roƙo, kada Husna ta ji a bakin mutane.

Sahabi

*

Gusau,
3 ga Oktoba, 2021

Yaya Sahabi,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Shekaranjiya aka buɗe layi a cikin Gusau kaɗai, ƙauyuka har yanzu shiru. Husna da yara lafiya, na san kun yi magana. Man fetur ya yi wuya, babur ma an taƙaita, da ƙafa nake zuwa aiki.

Wasiƙarka ta shigo ina tsakiyar raba magani. Na shiga ofis na kulle, na karanta sau biyu.

Yaya, wallahi ban sani ba. Da na rubuta maka, kai kaɗai ne ban saka a zargi ba, don duk asibitin an san ba a haɗa ka da surukinka. Shi ya sa na ce na fi son in ji daga bakinka, a tunanina kai ba ruwanka, ba za ka kare kowa ba. Wasiƙarka ta farko ta ɓata mini rai, na ajiye amsa sai na huce, kafin in huce aka datse layi. Shirun ke nan.

Na je Tsafe, gaskiya ne. Na samu Tambaya a tsakar gida tana matsar man gyaɗa, ƙuli-ƙuli take yi yanzu. Ta yi furfura a gaban kai. Mata suna zuwa da yara a yi musu allura, tana mayar da su, ta ce ba ta da izini. Mijinta ya tsaya mata, amma a makaranta ana kiran 'ya'yanta 'ya'yan mai manta tsumma a ciki. Na tambaye ta wanda ya miƙa kaya ran nan, ta ci gaba da murza tunkuza, ta ce, “Shi ya san kanshi. In ni na faɗi, cewa za a yi na yi wa surukin Likita ƙazafi don in samu aiki.” Ka ji, ta ce surukin Likita, amma ni na ɗauka misali take bayarwa na yadda ake kare manya. Har na dawo ban gane ba. Haka na yarda da kai.

Ba ni da bakin zaginka sosai. Shekara bakwai, duk ɗalibar da aka kawo mana in ta yi wasa da ƙirga, cewa nake, kada ki zama Tambaya. Ni na mayar da sunanta abin tsoratar da yara, ban taɓa tambayarta ba ko sau ɗaya. Da ta ba ni ruwa a gidanta ta tuna mini da wannan, wata ɗaliba 'yar garinsu ce ta kai mata. Ba ta ɗaga murya ba. Na rasa inda zan sa kofin.

Ba zan kai wa kwamiti wasiƙarka ba. Ƙanwarka ka rubuta wa, ba shugabar nas-nas ba. Amma ba zan zauna a ɗakin in ji ana sake tambayarta ko hannunta ne, ina sane, in yi shiru ba. In ba ka rubuta musu ba, zan janye daga zaman, kuma za a tambaye ni dalili. In babu shaidarka, babu abin da zai canja a fayil ɗinta, gurbin na Tsafe kuma ba za su riƙe shi ya wuce Disamba ba.

Kada in ɓoye maka, in ka rubuta, sunan Dokta Yahaya zai fito, naka kuma zai shiga fayil, ba mamaki labari ya kai wurin aikinka. Allo kam na saya, da kuɗina. Likitoci biyu sun yarda su faɗi sunansu, wani kuma ya ce shi ba ɗan firamare ba ne.

Habiba

*

Jizan,
29 ga Oktoba, 2021

Habiba,

Ina gaisuwa. Jikina da sauƙi. Ki yafe mini kalmomin da na jefe ki da su, ke ba ki yi komai ba sai tambaya.

Kusan wata guda na ɗauka, kin gani. Na fara da gaya wa Husna. Sai ta ce mahaifinta shekararsa saba'in da huɗu, ba ya gani, abin da ya rage masa shi ne in ya fito masallaci a ce ga Likita nan. Ta ce in bar shi ya mutu da wannan. Ta tambaye ni me ya sa kunyar da ta hana ni magana a wancan lokaci ba za ta hana ni yanzu ba. Tun ranar, in na kira sai ta miƙa wa yara.

Ba ta yi ƙarya ba, kuma ba zan ce ta yi son kai ba, ubanta ne. Na gwada rubuta bayanin babu sunansa, sau uku ina yagawa. In na cire shi, sai ya zama Tambaya ba ta gaya wa kowa ba, alhali ita kaɗai ce ta buɗe baki a ɗakin.

Ga takarda biyu. Ta farko ta kwamiti ce, na sa hannu, na rubuta lambar lasisina. Ta biyu ta Baba Likita ce. Bungudu babu layi har yanzu, kuma ko da akwai, kin san ba zan iya ba. Don Allah in hanya ta yi kyau ki je ki karanta masa kafin ki miƙa ta farkon. Kada ya ji daga bakin kwamiti.

Sahabi

*

Gusau,
9 ga Nuwamba, 2021

Yaya,

Lafiya lau muke, Inna ta fara takawa da sanda. Ranar Asabar na je Bungudu, na bi ayarin motocin safe na dawo kafin azahar.

Na samu Likita a zaure kan buzu, rediyo a gefensa. Ya gane muryata, ya tambayi asibiti, ya tambayi ko har yanzu fitilar ɗaki na biyu tana lumshewa. Na ce ina da saƙo daga gare ka. Ya yi dariya ya ce yau shekara goma sha uku yana jiran ranar da mijin Husna zai yi masa magana da ta wuce ina kwana.

Na karanta masa duka, ban tsallake komai ba. Sannan ya ce ya tuna matar, ya tuna ranar, aikinsa na huɗu ke nan babu karin kumallo. Ga abin da ya faɗa, na rubuta shi a mota don kada in canja:

“Na ji yarinyar. Amma sabuwa ce, sai na ɗaga kai na dubi Sahabi, don shi ne mai ƙirgata. Na ga kanshi a ƙasa yana miƙo min allura. Na ce in da gaskiya ne da ya yi magana.”

Ya ce wannan ba hujja ba ce, likitan da aka ce wa ƙyalle bai cika ba ya sa hannu ya laluba, ko wa ya faɗa. Ya ce da kwamiti ya zauna a wancan lokaci ya san bai kyauta ba, ya bar takarda ta yi magana don ta fi shi sauƙi. Ya sa na kama hannunsa na ɗora a ƙasan bayaninka, ya sa hannu. Ya ce ranar zaman a zo a ɗauke shi.

Daga nan na aika wa Tambaya da kwafi ta hannun mijinta, jiya ta zo Gusau da kanta. Ta karanta a tsaye. Na zaci za ta yi kuka ko ta yi godiya. Ninke takardar ta yi ta ce, “Har yau aike yake yi. Ran nan ni ya aika, yau ke.”

Shugaban kwamiti ma ya ce hoton takarda bai isa ba, sai an ji ka. Za a ajiye waya a kan teburi ranar sha takwas, ƙarfe goma na safe agogonmu. Likita zai zauna a ɗakin, Tambaya ma. Za ka faɗi abin da ka rubuta da bakinka, kuma in an tambaye ka wa ya yi aikin, suna ake so, ba Baba ba. Wannan ba zan iya yi maka ba.

Habiba

*

Jizan,
19 ga Nuwamba, 2021

Habiba,

Ina fatan kin huta gajiyar jiya. Ni lafiya, sai ciwon kai.

Ke kin ji murya kawai, bari in gaya miki sauran. A ɗakin canja kaya nake, na roƙi awa guda. Da na ji tarinsa ta cikin wayar, sai na tsinci kaina a durƙushe a kan tayil, babu mai ganina. Wani ɗan Sudan ya shigo ya zaci faɗuwa na yi. Na miƙe, don na san a durƙushe ba zan iya ba. Shirun da kuka ji bayan an tambaye ni wa ya yi aikin, ba layi ba ne ya yanke. Na faɗi sunan dai. Ban san yadda ya fito ba, ke za ki gaya mini.

Na ga saƙonki na yamma: an cire sakaci daga fayil ɗinta, za a ba ta takardar da za ta kai Tsafe, nawa fayil kuma an buɗe shi. Daidai ne. Yau da safe na je na gaya wa shugabar sashenmu kafin ta ji daga wani wuri. Ta ce za su zauna a kaina mako mai zuwa. Husna ba ta ɗauki waya ba yau ma. Ban san ko za ta ɗauka wata Juma'ar ba.

In za ki koya wa ɗalibai wannan labari, kada ki ce wani ma'aikaci. Ki faɗi sunana, ki gaya musu mutumin kirki ake ce mini, mai kunya, kuma ban taɓa makara aiki ba.

Kin ji da aka tashi na roƙi a bar wayar, na kira sunan Tambaya, na nemi ta yafe mini. Na shirya magana mai tsawo, ba ta bar ni na kai rabi ba. Ta ce, “Na ji, Malam Sahabi.” Ba ta ƙara ba, ni ma ba ni da haƙƙin neman ƙari. Kafin ki kashe wayar na ji tana tambayarki ko har yanzu ana samun motar Tsafe bayan la'asar, don ta bar gyaɗa a jiƙe.

Ta samu motar kuwa? Ki sanar da ni ta isa gida lafiya.

Ɗan'uwanki,
Sahabi